Kukan Salansa: Gargaɗin da Bai Kamata Mai Mota Ya Toshe wa Kunne Ba

Duk wanda ya zauna a bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega da Yawuri, ya san cewa akwai motar da akan ji rurinta tun kafin a hango ta. Galibin masu irin waɗannan motoci sun ɗauki ƙarar salansa a matsayin abin kunya kawai. Alhali kuwa wannan kuka gargaɗi ne, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da jama'a ke kira salansa ba tukunyar baya kaɗai ba ce. Doguwar hanya ce ta hayaƙi wadda ta fara daga manifol a jikin injin, ta bi ta bututu a ƙarƙashin mota, ta shiga tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, sa'an nan ta ƙare a tukunyar da ke kashe ƙara. Ko'ina wannan hanya ta ɓule, hayaƙi zai fita inda ba a nufa ba.

Abu biyu ne suka fi kashe salansa. Na farko shi ne duka. Motar da ke barin kwalta tana shiga ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, musamman da damina, ba ta rasa buga ƙasanta a kan tudu ko dutse. Na biyu kuwa tsatsa ce daga ciki. Duk litar fetur ɗaya da injin ya ƙona tana haifar da tururin ruwa kusan lita ɗaya. Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis ba, yakan kashe mota kafin salansa ta yi zafin da zai busar da wannan ruwa, sai ya kwanta ciki yana cin ƙarfe sannu a hankali.

Gwanin bakanike da kunne yake fara aiki, domin kowace cuta da irin kukanta. Idan ana jin tak-tak daga wajen injin da sanyin safiya, ya kuma ragu bayan injin ya ɗumama, to, gaskit ɗin manifol ne ya ƙone ko manifol ɗin ya tsage, saboda ƙarfe yakan buɗa da zafi ya matse tsagar. Ruri mai kauri daga tsakiya ko bayan mota alama ce ta ɓuli a bututu ko tukunya. Kwaramniya kamar ta gwangwani tana nuna cewa robar da ke rataye da salansa ta tsinke, ko noti ya kwance, ko kuwa indomi ya farfashe a ciki. In kuwa mota ta rasa ƙarfi a hawan tudu, sai a yi zaton toshewa.

Mai mota na iya gwadawa da kansa. Sai ya tayar da injin yana da sanyi, a fili inda iska ke kaɗawa, wani ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan. Hucin zai ƙaru a daidai inda ɓulin yake, kuma sau da yawa akan ga baƙin kunkunniya kewaye da wurin. Amma kada kowa ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Wajen gyara, gaskit da roba sauya su ake yi. Ɗaurin waya ba ya kai mutum Jega. Ƙaramin ɓuli a ƙarfe mai lafiya mai walda zai iya like shi, bayan an cire kan batir an kuma nisanta wuta daga tankin mai. Tukunyar da tsatsa ta cinye kuwa, walda a kanta asarar kuɗi ce. Haka nan ya kamata mai mota ya tsaya a kan aikinsa, domin indomi na ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinom, shi ya sa ɓata-gari ke fafe shi.

Jinkiri yana da tsada. A motocin zamani, ɓulin da ke gaban na'urar auna iska yana ruɗar kwamfutar injin ta riƙa zuba mai fiye da kima, abin da ba mai albashin da zai jure tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Mafi muni kuma, hayaƙin na ɗauke da iskar guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Da hunturu, lokacin da matafiya ke rufe gilasai saboda sanyi da ƙura, takan sulalo cikin mota ta kawo ciwon kai, jiri da gyangyaɗi.

Saboda haka direban da ya ji waɗannan alamu a kan hanya, lalle ne ya tsaya, ya buɗe ƙofofi, ya fitar da fasinjojinsa su sha iska. Sa'an nan kada ya sake ɗaukar kowa sai ya biya gareji.