Mai Shakka A Kan Samuwar Allah, Hujja Ake Ba Shi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, don in ja hankalin iyaye da malamanmu na Gwandu da Kalgo kan wata magana da ake yin ta a ɓoye, wato gardamar masu cewa babu Allah.

A da sai dai mu ji labarin irin wannan a ƙasashen Turawa. To, yanzu wayar hannu ta kawo ta har rumfar mai shayi. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ga ta nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, yaranmu na haɗuwa da mutane iri-iri da ra'ayi iri-iri. Yaro ya dawo gida ya ce, "Baba, mece ce hujjar akwai Allah?" Sai uba ya kai masa mari. To jama'a, mari amsa ne?

Mu dubi abin da ya faru a Kano. Mubarak Bala ya bayyana cewa ya bar addini, a 2014 danginsa suka kai shi asibitin masu taɓin hankali. A 2020 aka kama shi a Kaduna saboda rubutunsa na Facebook da aka ce ɓatanci ne, a 2022 kotu ta ɗaure shi shekara 24, a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara 5, daga baya ya fito. Kotu ta yi nata aikin, amma tambayar da ke zuciyar samari tana nan, sai ma sunansa da ya ƙara zagaya duniya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu a nan ba baƙin wannan fage ba ne. Malam Abdullahin Gwandu, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, ga hubbarensa nan cikin garin. A zaurukanmu an daɗe ana karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, wadda ke koyar da siffofin Allah 20 da dalilin hankali: duk abin da ya faru bayan babu shi, dole akwai wanda ya samar da shi. Ko mai awo a kasuwa ya san mudu ba ya cika kansa. Ana kuma ba da labarin Imamu Abu Hanifa da 'yan Dahriyya, inda ya kafa musu misali da jirgin ruwa mai ɗaukar kaya yana ƙetare kogi ba matuƙi. Suka ce ba ya yiwuwa, ya ce to ina ga duniya baki ɗaya? Zama ya yi da su, bai tara musu jama'a ba.

Shi kansa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce da dama yana raddi ga ɗaliban da ke tare talakawa da tambayoyin tauhidi masu wuya, in mutum ya kasa amsawa su kafirta shi. Manomi da ɗan tireda imaninsu ingantacce ne ko ba su iya gardama ba. Saboda haka kada wanda ɗansa ya ƙure shi ya ɗauka addininsa ne ya samu tasgaro. Ya kama hannun yaron ya kai shi wurin masani, ba wurin 'yan sanda ba.

Ina kira ga limamanmu su ware ko da dare ɗaya a mako, bayan sallar Isha'i, su dawo da karatun tauhidi da Hausa, a kuma bar samari su yi tambaya ba tare da an fallasa sunan kowa ba.

Wassalam.

Naku mai karatu kullum,
daga Kalgo, Jihar Kebbi.