Labarin Tsumburbura da Dirki, da Gargaɗin da ke Cikinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, duk fatake da almajiran da ke tasowa daga Gwiwa, ko Roni, ko Kazaure zuwa birnin Kano ba su rasa ganin Dutsen Dala. Amma kaɗan ne cikinsu suka san nan ne babbar matsafar ƙasar take tun Musulunci bai iso ba.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer kuma ya juya shi da Turanci a 1908, ya ba da labarin wani ƙaƙƙarfan mutum, Barbushe, mai zama bisa Dala. Shi ne mai kula da Tsumburbura, abin bautarsu, wadda suke cewa tana cikin wata itaciya mai suna Shamus da aka kewaye da bango. Ba mai shiga wurin sai Barbushe, gama an ce duk wanda ya shiga mutuwa zai yi. Sau biyu a shekara yake saukowa. Mutane su taru daga ko'ina da baƙin kare, da baƙar kaza, da baƙin bunsuru. In dare ya yi ya shiga, ba ya fitowa sai da asuba, sa'an nan ya faɗa musu abin da zai auku cikin shekara. Har an ce ya gaya musu wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su. Daga baya kuwa Bagauda ya zo ya yi sarauta, wajen shekarar 999 bisa lissafin Palmer.

Kawar da matsafar nan ba aikin rana ɗaya ba ne. Sarki Tsamiya, wanda ya hau a 1307, ya rushe bangon. Zamanin Sarki Yaji, daga 1349 zuwa 1385, malaman Wangarawa suka zo daga Mali, shugabansu Abdurrahman Zaite, aka gina masallaci ƙarƙashin itaciyar. Sai zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka sare ta bisa umurnin Shehu Magili, aka gina hasumiya a gurbinta. Rumfa ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, inda dā kurmin matsafa yake. Watau inda attajirai ke ciniki yau, wuri ne da dā ake tsoro.

To, sare itaciya abu ne mai sauƙi, cire tsafi daga zukata shi ne wuya. Fiye da shekara tamanin bayan Rumfa, zamanin Sarki Muhammadu Zaki, aka fara abin da ake kira Dirki. Shi Dirki ba kome ba ne illa Alƙur'ani da aka naɗe cikin fatar akuya, daga baya aka yi ta ƙara masa fatun shanu, ana yi masa yanka. Aka daina buɗe shi, aka daina karanta shi, ya koma abin tsafi a hannun masu salla.

Da yunwa ta tsananta zamanin Sarki Alwali, manyan gari suka nemi shanun yanka domin Dirki. Ya ƙi ba da shanu arba'in. Ya sa samari suka sare shi da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. Mutane suka ce za a fitar da shi daga ƙasar kamar yadda ya fitar da Littafin. Lalle masu jihadi sun kore shi, aka kashe shi a 1807, amma mai hankali ya san mulki na Allah ne, ba na ƙunshin fata ba.

Gargaɗin nan ya shafi malami da attajiri baki ɗaya. Malamin da ke ɗinke ayoyi cikin fata ya miƙa wa wanda bai iya Fatiha ba, bai kuwa zaunar da shi ya koya masa ba, ya duba kada ya zama mai ɗinkin Dirki. Haka attajirin da ya rataye laya a rumfa, alhali yana tauye mudu, ya naɗe Littafin ke nan ya bar hukuncinsa. An saukar da Alƙur'ani domin a karanta shi a yi aiki da shi. Allah ya kiyaye bayinsa daga shirka, bayyananniya da ɓoyayya. Wallahu a'alamu. Tamat.