Manufofin Ƙungiyoyin Sa-kai na Ilmi da Al'adu: Darasi ga Ƙasar Sheme da Kewaye

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bayyana abin da ake nufi da manufar ƙungiyar sa-kai, wato ƙungiyar da jama'a suka kafa da kansu don hidimar ilmi ko adabi ko al'ada, ba don neman riba ba. Za mu waiwayi wasu ƙungiyoyi da aka yi a ƙasar Hausa, mu ga yadda manufa ta raya wasu, da yadda sauyinta ya juya akalar wasu. Daga nan sai mu dubi abin da wannan tarihi zai koya wa ƙungiyoyin garin Sheme da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, inda matsalar tsaro ta sa ilmin yara cikin haɗari.

2.0 Ma'anar Manufa

Manufa ita ce amsar tambayoyi uku: wa za mu yi wa hidima, wace hidima za mu yi masa, kuma yaya za mu san mun yi ta? Ɗan kasuwa ba ya buƙatar dogon bayani, domin ribarsa ita ce ma'auninsa. Ƙungiyar sa-kai kuwa ba ta da wannan ma'auni, saboda haka manufarta ce kaɗai abin da mai ba da gudummawa zai riƙe ta da shi. Doka ma ta lura da haka. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 1990, da wadda ta maye gurbinta a 2020, sun wajabta wa ƙungiyar da ke son rajistar amintattu ta rubuta manufofinta a tsarin mulkinta, sun hana raba dukiyarta ga 'ya'yanta a matsayin riba, kuma idan aka rushe ta, abin da ya rage sai a miƙa wa wata mai irin manufarta. Wannan bai yi nisa da hukuncin waƙafi ba, inda ake tsare asalin dukiya, a sarrafa amfaninta bisa sharaɗin wanda ya bayar.

Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Aikin gayya da adashi da ciyar da almajirai duk sa-kai ne. Bambancin shi ne, gayya tana ƙarewa da faɗuwar rana, ƙungiya kuwa ana fatan ta wuce rayuwar waɗanda suka kafa ta.

3.0 Abin da Tarihi Ya Nuna

Misali na farko shi ne 'Yan Taru, tsarin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793 zuwa 1864) ta shimfiɗa. Manufarsa ɗaya ce tak: a kai ilmin addini ga matan karkara a inda suke. Ta naɗa jajoji, wato dattawan mata masu jagorantar ayari, suna zuwa wurinta su karɓi karatu cikin waƙa, su koma ƙauyukansu su koyar. Ba a gina makaranta ba, ba a jira baitulmali ba. Da ta rasu aikin bai mutu ba, domin kowace jaji ta san abin da aka ɗora mata.

Misali na biyu ya zo da darasi dabam. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta samo asali a Zariya da Kaduna a 1948, ta fara ne a matsayin ƙungiyar al'adu da wayar da kai, da aniyar yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. Wannan manufa tana da faɗi ƙwarai, har kowane irin aiki zai iya shiga ƙarƙashinta. A 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa. Ba muna cewa hakan laifi ba ne, domin zamanin ya buƙaci haka. Abin lura shi ne, da siyasa ta shigo, aikin yaƙi da jahilci sai ya koma hannun hukuma.

Ita hukuma kuwa tana da nata rauni. Hukumar NORLA da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a Zariya a farkon shekarun 1950 ta buga littattafai da jaridun larduna masu yawa, amma aka rufe ta a 1959. Abin da kasafin gwamnati ya raya, kasafin gwamnati yana iya kashe shi. Giɓin da irin wannan ya bari shi ne marubuta suka riƙa cikewa da kansu. A Kano an yi ƙungiyoyin mawaƙa irin su Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu, daga baya kuma ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ne aka sami fim ɗin Turmin Danya a 1990.

A Jihar Katsina ma muna da shaida. Gidauniyar Musulunci ta Katsina ta tsaya kan buri ɗaya bayyananne, wato kafa jami'a, kuma a 2005 aka sami jami'ar da yanzu ake kira Al-Qalam. Idan muka jera waɗannan misalai za mu ga cewa manufa ƙarama mai iyaka ta fi babba marar iyaka daɗewa da tasiri.

4.0 Halin Ƙasar Sheme

Sheme gari ne a Ƙaramar Hukumar Faskari, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kuma daga nan hanya take ɓallewa zuwa Ƙanƙara. Yankin ya yi iyaka da dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari, abin da ya sa ya sha fama da 'yan bindiga. A daren 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara. An sako su bayan kwanaki shida, amma gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana a lokacin, kuma tsoron da ya shiga zukatan iyaye bai fita da dawowar yaran ba.

A irin wannan hali, asarar iri biyu ce. Ta farko a fili take: yaron da iyayensa suka yi gudun hijira daga ƙauye ya rasa aji. Ta biyu ɓoyayya ce: idan ƙauye ya watse, dandali ya watse, kuma da shi ne tatsuniya da waƙoƙin gaɗa da kirarin noma da tarihin kafuwar gari suke tafiya, domin a bakin tsofaffi suke, ba a takarda ba. Gini ana iya sake shi, amma tsohuwar da ta rasu a wurin hijira ta tafi da abin da ke kanta.

5.0 Shawarwari

Bisa wannan, muna ganin ƙungiyar da za ta yi aiki a nan ta kiyaye abubuwa huɗu. Na farko, ta rubuta manufarta da Hausa, a jimla ɗaya da manomi zai iya maimaitawa. "Ci gaban al'umma" ba manufa ba ce, fata ne. Amma "mayar da yaran 'yan gudun hijira aji a cikin garin Sheme" manufa ce, domin a ƙarshen shekara ana iya ƙirga yaran. Na biyu, ta ɗauki aiki ɗaya, domin ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Wadda ta zaɓi al'ada ta naɗi muryoyin tsofaffi, wayar hannu ma ta isa, ta rubuta su, ta ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Na uku, ta yi koyi da Nana Asma'u wajen kai ilmi inda mutane suke, ta hanyar malaman unguwa da matan da jama'a suka amince da su, tunda tara yara da yawa a wuri ɗaya nesa da gari ya zama haɗari. Na huɗu, ta ware kanta daga takara. Ɗan siyasa yana iya ba da gudummawa, amma ranar da ƙungiya ta zama tasa, rabin gari zai juya mata baya, kuma faɗuwarsa faɗuwarta ce.

Haka nan ya kamata a riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a sau ɗaya a shekara, a kuma riƙa sauya shugabanni bisa wa'adi, don kada ƙungiya ta zama rigar mutum ɗaya.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa manufa alkawari ce tsakanin ƙungiya da jama'a, kuma tarihin ƙasar Hausa ya nuna cewa alkawarin da ya fi cika shi ne wanda aka taƙaita, aka bayyana, aka kuma raba nauyinsa ga mutane da yawa. Ƙungiyoyin sa-kai ba za su maye gurbin gwamnati wajen tsaro ko gina makarantu ba. Abin da ke hannunsu shi ne su hana igiyar karatu da ta al'ada tsinkewa kafin zaman lafiya ya kankama. Muna fatan mahalarta wannan taro za su faɗaɗa bincike a kan ƙananan ƙungiyoyin karkara, domin su ne suka fi kusa da matsalar. Allah ya sa mu dace.