Ko Kun Sani? Kunne Ya Fi Son Abin da Ya Saba Ji

Duk ranar Alhamis, mutumin garin Sule Tankarkar da ya je kasuwar Maigatari yakan ji Hausa iri-iri kafin ya gama cinikin rago ɗaya: ta Bakano, ta mutumin Haɗeja, da ta Badamagare da ya tsallako daga Nijar. Ga Fulatanci a bakin makiyaya, ga Barbarci a bakin fataken gabas. Masarautar Gumel kanta, wadda Maigatari ke cikinta, Mangawa ne suka kafa ta, shi ya sa ake kiran sarkinta Mai, kamar yadda ake yi a Barno.

To, wane harshe ya fi daɗin ji? A 2023, masu bincike, ciki har da na Jami'ar Lund ta Suwidin, sun kunna wa mutum 820 muryoyi daga harsuna 228. Bambancin makin da harsunan suka samu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fito fili shi ne, mai saurare yakan ƙara wa harshe maki idan yana ganin ya san shi.

Haka abin yake a gida. Kananci ya samu gata ne saboda shi aka fi dogara da shi wajen daidaita Hausar littafi da rediyo. Amma Basakkwacen da ake tsokana don yana cewa "zamna" da "biyat", da irin wannan Hausar ce Narambaɗa da Ɗankwairo suka yi waƙoƙin da har yau ake saurara. Kowane kari da ranarsa.