Dawar Isawan da giyar Turawa: na gida ya raina, na waje ya ɗauka

Masu iya magana sun ce abincin wani, gubar wani. Duk wanda ya ratsa ƙasar Isawan, cikin gundumar Mayahi, a lokacin kaka, zai ga damman hatsi da na dawa jibge a bakin rumbuna, kuma ba zai kawo a ransa cewa a Turai da Amurka akwai masu neman irin wannan ƙwaya ido rufe ba. Dalili kuwa shi ne wani sinadari mai suna gulutan, wato danƙon nan da ke sa ƙullin burodi ya yi yauƙi. Yana cikin alkama da sha'ir da danginsu, amma babu shi cikin hatsi, babu cikin dawa, babu cikin acca.

Akwai mutanen da hanjinsu ba ya jure wannan sinadari. Likitoci na kiran larurar cutar siliyak, kuma tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. In mai ita ya ci alkama, sai jikinsa ya far wa bangon hanjinsa, abinci ya daina amfanarsa, ga zawo, ga rama, ga ƙarancin jini. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da laifin alkama a 1950, bayan ya lura cewa yaran da yake jinya sun sami sauƙi lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yanke. Kada a zaci cutar Turawa ce kaɗai: binciken da aka buga a 1999 ya same ta ga fiye da kashi 5 cikin 100 na yaran Sahrawi da aka gwada. Maganinta ɗaya ne, barin gulutan har ƙarshen rai.

To, giyar kwalba da sha'ir ake yin ta. Saboda haka masu wannan cuta suka shiga neman madadi, ƙananan masana'antun giya kuma suka juyo ga cimar Afirka. A 2006 kamfanin Sprecher na jihar Wiskonsin ya fito da giyar dawa da hatsi mai suna Shakparo, sunan da ya aro daga Afirka ta Yamma. A ƙarshen shekarar ne kuma babban kamfanin Anheuser-Busch ya shigo kasuwa da tasa ta dawa, Redbridge. Ƙa'idar duniya ta 2008 ta ce ba a rubuta wa kaya "babu gulutan" sai in bai wuce miligiram 20 cikin kilo guda ba, kuma wannan ɗan rubutu shi ke ɗaga farashi.

Abin mamaki shi ne wannan sabon yayi tsohon aiki ne a ƙasar Hausa. Tun kafin Musulunci ya game karkara, Azna na ƙasar Maraɗi suna dafa giyar hatsi da ta dawa domin tsafi da bukukuwan noma da makoki, kamar yadda masanin nan Bafaranshe Guy Nicolas ya bayyana cikin littafinsa na 1975. Aikin mata ne, kuma ba na ganin dama ba. Ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da ruwa. Sai a tsiyaye ruwan sama a aje gefe, a tafasa gasarar da ta kwanta, sannan a mayar da ruwan nan a kanta. Hikimar a nan take: garin dawa ba ya narkewa sai da zafi mai tsanani, zafin kuma yana kashe sinadaran tsiro da ke mayar da gari sukari. Matan da ba su taɓa shiga lakwal ba sun warware matsalar da ta daɗe tana wahal da injiniyoyi. Aibin burkutu a kasuwa shi ne ba ya ajiyuwa: kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami, ya lalace.

Yau galibin mutanen Isawan da Tasawa da Mayahi Musulmi ne, giya kuwa haramun ce a Musulunci, ko da sha'ir aka yi ta ko da dawa. Ta fuskar lahiya ma, cire gulutan ba ya cire maye, ba ya kuma rage wa hanta wahala. Wanda ba shi da cutar siliyak bai ƙaru da komai ba. Darasin da ke ciki na kasuwa ne.

Maƙwabciya Najeriya ta riga ta nuna hanya. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, sai kamfanoni irin su Nigerian Breweries da Guinness suka koma ga dawar Arewa, musamman irin kaurar nan SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta inganta. Daga baya an ɗage hanin, amma dawa ta riga ta zauna da gindinta. Ba giya kaɗai ake yi da tsironta ba: yana shiga lemun malt marar maye da ake sha a wurin suna da aure, da kayan shayin yara. Ɗan kasuwar da ke kai buhuna Jibiya ko Dawanau bai san ko wace kwalba dawarsa za ta ƙare ba, ribar sarrafawa kuwa wasu ke ci.

Sai dai akwai abin tsoro. Masana'anta na son iri ɗaya, tsabtatacce, marar tsakuwa, da yawa, a kan lokaci, manomin Isawan kuwa yana noma ne a jigawa, da ruwan sama na wata 3 zuwa 4, domin ya ciyar da iyalinsa. Jihar Maraɗi ba ta manta da 2005 ba, lokacin da hatsi ya tsallake iyaka, tiya ta gagari talaka, yara suka cika gidajen likita. Ƙwayar da ta tafi kwalba ba ta dawowa tukunya. Duk wani shirin sayar wa masana'anta da bai fara da cika rumbu da bankin cimaka ba, gina ramin mugunta ne.

Hanyar da ta fi dacewa tana kusa. Garin hatsi da na dawa, da fura busassa, da garin kunu, da dakkakkiyar acca, duk kaya ne marasa gulutan da ba su da takaddamar addini, kuma ƙungiyoyin mata a Maraɗi da Yamai sun riga sun fara ƙulla su cikin leda. Abin da ya rage shi ne injin niƙan da bai taɓa alkama ba, da ɗakin gwaji da zai ba da shaida, da ƴan kasuwa masu haƙurin neman mai saye a waje. Ma'aikacin da ya bar kunu ya koma burodi da taliya don a ce ya waye, ya sani cewa a Paris akwai masu biyan kuɗi mai yawa don su ci abin da kakarsa ke dakawa kowace sahiya.