Fatar mace bayan ɗaukewar al'ada: ba sanyin Turai kaɗai ba ne

Mata da yawa da suka haura shekara 45 a Landan ko Manchesta kan ɗora wa hunturu laifin bushewar fata da ƙaiƙayin da ke hana su barci. Sanyi da na'urar ɗumama ɗaki suna da nasu kason, amma sau da yawa babban dalilin yana cikin jiki.

Al'ada kan ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55. A lokacin ne sinadarin istrojin ke raguwa, shi kuwa shi ne ke taimaka wa fata riƙe ruwa da maiƙo da kuma kolajin, wato abin da ke ba ta kauri da santsi. Likitocin fata sun ƙiyasta cewa mace kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin a shekaru biyar na farko. Fata sai ta yi sirara, rauni ya daɗe bai warke ba, gashin kai ya ragu, wani kuma ya fito a haɓa. Wasu ma ƙurajen da suka rabu da su tun suna 'yan mata ne ke dawowa.

Baƙar fata ba ta saurin yin tamoji. Abin da ya fi damun mu shi ne tabo da duhu-duhu a kumatu da goshi, kuma a nan ne haɗarin yake, domin nan take wata za ta ba da shawarar man bilicin. Yawancinsu na ɗauke da sitiroyid ko haidirokwinon, wanda aka haramta sa shi a kayan kwalliya a Birtaniya. Sitiroyid yana ƙara sirantar da fatar da dama ta riga ta yi laushi.

Abin da ke aiki ba shi da tsada: wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, sabulu marar ƙamshi, sannan a shafa man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba. Man kariya daga rana mai lamba 30 yana hana tabo ƙara duhu, ko da kina ganin ba ki buƙatarsa.

Idan ƙaiƙayin ya haɗu da zufar dare ko bushewar gaba, ki gaya wa likita ba tare da kunya ba, akwai maganin maye gurbin istrojin. A Birtaniya kina iya neman likita mace da tafinta.