Inabi: buhun ure ba shi ne zaƙi ba

A Kudan, kusa da Zariya ta Najeriya, inabi ya zama abin neman kuɗi; a Timiya ta dutsen Ayar kuwa ya daɗe cikin garake. Ba mamaki ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin gwamnati mai garka a yankin Madarunfa, daga Jiratawa zuwa Sarkin Yamma, ya yi sha'awar gwadawa. Kafin ya zuba jarinsa, ya kamata ya san abin da ke cikin buhun taki.

Buhun ure mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na azot, ba wani abu. Buhun 15-15-15 kuwa yana da kilo 7 da rabi na kowane: azot, fosfor da potas. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Azot ke yin ganye da rassa. Fosfor, wanda ƙasar Nijar take da ƙarancinsa ƙwarai, shi ke ƙarfafa saiwa da fure. Potas ke taimaka wa sukarin da ganye ya haɗa ya isa cikin ƴaƴa.

A nan ne ido ke yaudarar mai garka. Idan ure ya yi yawa, kurangar inabi sai ta yi kore shar, rumfa ta cika, mai ita yana murna. Amma inuwar ganyen tana hana ƴaƴa rana: nuna ta yi jinkiri, tsami ya zauna, ruɓa ta samu ƙofa. Irin wannan kaya ba ya jure hanya, kuma mai saye ɗanɗana ɗaya yake yi ya yanke farashi. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Don haka azot lokacinsa bayan sassabe rassa, sa'ad da sabon toho ke fita. Da ƴaƴa sun kama nuna sai a janye shi, a koma ga potas. A ƙasar jigawa ban ruwa na wanke taki zuwa ƙasa, shi ya sa ake raba shi kashi-kashi, bisa takin dabbobi ruɓaɓɓe.

Malaman bincike na INRAN suna nan Tarna, bakin Maraɗi. Kuɗin awon ƙasa bai kai hasarar girbi ɗaya ba.